Faifan da Na Aika wa Mirginawa

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, Ya watsa duniyoyi a cikinta, Ya ba kowace halittunta da abincinta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ku matso ku ji, mai aiki ta ajiye, mai goyo ta gyara goyonta. Ni ce Tabawa 'yar Nomau, haifaffiyar Gulbin Baure, wadda ta ga fitowar rana a duniyoyi da yawa, ta sha ruwan da ba a san sunansa a nan ba. Kun sha tambayata abin da ya kai ni ƙasar Mirginawa. Yau zan faɗa, amma duk wadda ta katse ni ita za ta ƙarasa labarin.

A zamanin da nake ba ku labari, mutanen Gulbin Baure fataken sama ne. Jiragenmu na katako ne, da babban zane mai kama iskar da ke kaɗawa tsakanin taurari. Mukan kai gero da kanwa wata duniya, mu sayo abin da babu a tamu. Maigidana yana cikin masu tuƙi. Sunansa Shekarau, Allah Ya ji ƙansa, na faɗa sau ɗaya, kada wadda ta sake sa ni. Mun daɗe da aure ba haihuwa, har na daina zuwa gidan suna don kada a ga idona. Sai Allah Ya ba mu mace. Aka sa mata sunan uwar maigida, muka riƙa kiranta Kyauta.

Ba ta daɗe da yaye ba maigida ya ce zai kai gero Duniyar Jan Gishiri, tafiyar da ake cin rani da damina ba a dawo ba. Ya ce in zauna da yarinya. Na ce, "Baban Kyauta, ƙafarka ƙafata. Na gaji da zaman jiran jirgi." Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya turo mini yayarsa. Ranar tashi dai ina cikin jirgi a kan buhunan gero, da 'yata a baya.

Abin da muka fara gamuwa da shi wata fara ce. Kamar tamu take, sai dai kowace ta kai ɗan tsako, kuma ba ta cin ganye, ƙusa take ci. Ta lulluɓe jirgin, muna jin ƙarar bakinta a jikin katako, maigida yana ta kora da hula yana salati. Na ga in aka ƙara jimawa jirgin zai wargaje da mu. Na hura wuta a kasko, na juye barkonon miyarmu kaf a ciki. Farar ta watse, mu kuma muka yi ta tari da hawaye har washegari, muka koma shan miya lami. Maigida bai daina yi mini gorin barkonon nan ba har ya bar duniya.

Amma ƙusar da aka ci an ci. Da muka zo wucewa ta gefen wata duniya mai fitar da tururi, iska ta kama mu ta murɗa, jirgin ya rabu biyu. Ni da maigida muka faɗo da rabin gaba a kan wani fili mai ciyawa. Rabin baya, da geron duka, iska ta yi gabas da shi. Kyauta kuwa na sauke ta daga bayana ke nan, na kwantar da ita cikin masaki a kan buhuna don ta yi barci. Da idona na ga masakin nan yana juyi a sama yana ƙanƙancewa.

Na tashi na bi shi da gudu, har maigida ya cafke ni a bakin wani kwazazzabo. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ya tsaga duniyar daga arewa zuwa kudu, ba a ganin ƙasansa, tururi kawai ke tasowa. Iska tana kaɗawa daga ɓangarenmu zuwa wancan, ba ta juyowa, da ƙarar da ko ihu ka yi ba ya zuwa ko'ina. Na zube a wurin ina kiran sunanta. Kun san mace ba ta ɗaukar 'yar fari a gaban mutane ta yi mata wasa, kunya ba ta bari. A ranar babu wanda zan ji wa kunya, na yi kukan da ban taɓa yi ba.

Da rana ta take, tururin ya yi sauƙi. Maigida ya ɗauko madubin hangen nesa da yake duba hanya da shi. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo mini shi. Can a kan wani tudu na ga buhunanmu a warwatse, da ƙoranmu da ludayanmu. Na ga Kyauta a zaune, da ranta, baki buɗe tana kuka. Wasu halittu sun kewaye ta, kowanne kamar an kife babban masaki, ba gaba ba baya, ba kai ba wutsiya. Hannuwa sun zagaye bakinsa, tsakanin hannu da hannu akwai ɗan ido. In za su tafi sai su karkata su tsaya a gefe su mirgina, shi ya sa na sa musu Mirginawa. Wata babba da duk suke ba ta hanya ita ce ta tallafe yarinyar tana jijjiga ta. Ban san ko suna da mace da namiji ba. Ni dai na ga irin jijjigar na ce wannan mace ce, na riƙa kiranta Gwaggo.

Muka yi hayaƙi, muka kaɗa zane a kan gora, ko ɗaya bai waiwayo ba. Daga baya muka lura idanunsu ba sa gani nesa, duk abin da za su duba sai sun kawo shi dab da ido. Abincinsu kuwa su kwanta a rana su lashi dutse. Gwaggo ta yi ta zaɓo duwatsu masu santsi tana sa wa Kyauta a baki, yarinya tana turewa. Ruwa kaɗai suka dace da shi. Ga gero jibge a gefenta, ga yunwa tana cin ta, ga ni uwarta ina kallo. A namu ɓangaren babu komai sai wata saiwa mai ɗaci da mu manya ma da ƙyar muke haɗiyewa.

Hular maigida ce ta nuna mana hanya. Iska ta fige ta daga kansa, da rana ta take muka hange ta a kan tudun, wani ɗan Bamirgine yana juya ta. Ashe duk abu mara nauyi da aka saki daga inda muke, can yake sauka.

Muka yanki zanen jirgi, maigida ya ɗauki gawayi don ya fi ni hannu. Ya zana gero cikin ruwa, ya zana shi a kan dutse ana niƙa, ya zana ƙullu ana zuba masa ruwa mai tururi, ya zana ƙwarya ana fifitawa, daga ƙarshe yarinya da ludayi a baki. Ruwan zafi ba abin nema ba ne a wurinsu, maɓuɓɓugai masu tafasa sun kewaye tudun. Ya jera zanen daga dama zuwa hagu, yadda ya koya a allo.

Na ce, "Baban Kyauta, ta yaya za su san inda za su fara?"

Ya ce, "Haba Tabawa. Daga ina ake fara abu in ba daga dama ba? Saki mu gani."

Ni ma ban ga laifin maganarsa ba. Tun da aka haife mu da dama muke ci, da dama muke gaisawa, ƙafar dama muke fara sa wa takalmi. Bai zo mana ba cewa wanda hannuwa suka zagaye ba shi da dama balle hagu.

Wayo kam suna da shi, don sun gane kowane zane. Suka shimfiɗa ƙyallen, suka zauna kewaye da shi, kowa ya dubi zanen da ke kusa da idonsa ya tashi ya yi shi. Duk a lokaci guda. Wannan yana niƙa dutse ba komai a kai, wancan yana fifita ƙwarya wayam, wani ya zuba busasshen gero a ruwa ya zauna yana gadi. Sai mai ruwan zafi da mai ludayi suka haɗu a ƙwarya ɗaya. Na ga ludayi ya ɗebo ruwa yana tururi ya nufi bakin 'yata. Na ƙwalla ƙarar da ni kaɗai na ji abata. Gwaggo ta tsoma ɗan yatsa cikin ludayin, ta zabura, ta doke shi ya yi sama, ta janye yarinyar ta rufe ta da hannuwa. Tun daga ranar na san tana son ta, kuma sanin bai rage mini komai ba, don yarinya ta kwana da yunwa.

Washegari maigida ya sake zane, ya ja doguwar kibiya a ƙarƙashi, tsininta yana duban yarinya mai shan kunu. Ya ce, "Wannan kam ko jaki ya gani ya san inda aka dosa." Mirginawa ba su taɓa harbin komai ba. Tsiron ƙasarsu kuwa kamar kibiya yake a kafe, tsini a ƙasa, gashi a sama, kuma kowa ya san tsiro daga saiwa yake farawa. Saboda haka daga tsinin suka fara. Suka sa mata ludayi wayam a baki, suka fifita, suka zuba ruwan zafi a ƙwarya, suka niƙa dutse, suka ƙare da jiƙa gero, suka zauna suna jiran yarinya ta yi shiru. Ta tsinci jiƙaƙƙen geron ta ɗan tauna, ya ɓata mata ciki. Muka gwada ɗige-ɗige, ɗaya a zanen farko, biyu a na biyu, har ƙarshe. Suka jiƙa ƙwayar gero ɗaya, suka niƙa biyu, cikin natsuwa da kulawa. Na yi dariya hawaye na zuba, na ce wa maigida maganganun da bai cancanta ba.

A tsakar ranar nan Kyauta ba ta yi kuka ba. Kwance take a jikin Gwaggo, hannunta na lilo. Na gwammace kukan sau dubu.

Da yamma na zauna bakin kwazazzabon. Hannu ba ya iya zama haka nan, sai na tsinci kaina na tsigi ciyawa ina murɗawa, na naɗe ɗan kai na fara zagaya shi, kamar yadda nakan ɗinka faifai a gida in raina ya ɓaci. Na yi 'yan zagaye sai na tsaya ina kallon abin da ke hannuna. Bayan Gwaggo ne ya faɗo mini. Bayan Mirginawa, wato saman masakin nan nasu, zobe-zobe ne, ƙanana zobensu kaɗan, manya da yawa, na Gwaggo ba ya ƙirguwa. Na taɓa hango wani jaririnsu da bai fi tafin hannu ba, cibiya ce kawai da hannuwa. Ashe daga tsakiya suke farawa, shekaru su yi ta ƙara musu zagaye.

Na ce, "Baban Kyauta, ka taɓa ganin faifan da aka fara daga baki?"

Ya dube ni da tausayi. "Faifai kuma? Tabawa, yi salati."

"Na yi. Tsigo mini ciyawa, mai tsawo."

Ya tsigo. Ya wasa mini guntun ƙusa ta zama basilla, ya zauna yana tsaga ciyawa da manyan yatsunsa yana ɓata rabi. Ban tashi daga wurin ba sai da gari ya waye da faifai mai faɗin tabarmar yaro. Ya zana aikin kunu a kan ƙananan ƙyallaye, na ɗinke su a jiki, jiƙon gero a kan cibiya, niƙa a gaba, haka haka suna bin naɗi, yarinya mai sha a bakin faifan. Na zare jan zare daga zanena na bi naɗin da shi tun daga cibiya, don yatsa ya sami abin bi. Na tofa masa addu'a na sake shi, ya tashi yana juyi kamar ya san hanya.

Da tururi ya janye na ga faifan a gaban Gwaggo. Ta shafa shi, ta kai wani hannun ta shafa bayanta, ta sake shafa shi. Sai ta ɗora yatsa a kan cibiya. Yatsan ya bi jan zaren a hankali, ya tsaya a zanen farko. Ta taɓa wani ya kawo geron da suka jiƙa jiya. Yatsan ya ci gaba, sai ga gero a kan dutse ana niƙa shi. Ba wanda ya motsa sai yatsan ya iso kan aikinsa. Aka dama da ruwan zafi. Da aka zo fifitawa ta rasa abin yi da shi, sai ta ɗauki faifan kansa ta yi ta fifita, ta tsoma yatsa, ta ƙara fifita. Sannan ta ɗaga kan Kyauta ta sa mata ludayi.

Ta sha. Ta riƙe hannun Gwaggo ta sake sha. Maigida ya faɗi ya yi sujada a kan ciyawa, ni kuwa ban sauke madubin ba. Na ce, "Dubi kunun nan, duk gudaji. Ko tacewa ba su yi ba." Ya ɗago ya ce, "Allah Ya shirye ki, Tabawa," muka rungumi juna muna kuka.

Daga nan faifai ya zama bakina. Na koya musu yi mata wanka, na koya musu rufe ta in sanyi ya sauko. Kullum da tsakar rana ina bakin kwazazzabo ina kallon 'yata tana girma a hannun wata. Ta yi kumatu. Ta koyi dunƙulewa ta mirgina tare da 'ya'yansu. Gwaggo kuwa ta bar mirgina gaba ɗaya, don in ta karkata yarinya za ta faɗo daga bayanta. Ta koma tafiya a kan hannuwa, a hankali, 'yan'uwanta suna wuce ta. Na gode mata a raina, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji kishinta.

Wata ya bi wata, buhunan gero suna ta raguwa. Maigida ya haɗa ƙaramin jirgi daga rabin da ya rage mana, sannan ya bi bakin kwazazzabon yana neman mahaya. Arewa bai sami komai ba sai faɗi da yake ƙarawa. Daga kudu ya dawo ƙafa a kumbure, fuska a sake. Ya ce akwai wani dogon dutse da ya kwanta ya haɗa ɓangarorin biyu, tafiyar kwanaki daga nan. Iska ba ta barin a hau shi yanzu, amma ya san irin wannan iskar, ta fara rauni, za ta kwanta na ɗan lokaci in rana ta juya, sannan ta taso fiye da da. Bayan dutsen kuma taɓo ne mai tafasa, Mirginawa kaɗai suka san inda ake takawa. Ba za mu iya zuwa wurinta ba, sai dai su kawo ta. In aka kuskure wannan kwanciyar iska sai baɗi, geron kuwa ba zai kai baɗi ba.

Na ce, "To yaya za a ce kudu ga wanda ba shi da dama ba shi da hagu?"

Ya daɗe yana shafa gemu. Can ya ce, "Akwai mai dama a cikinsu."

"Wa?"

"'Yarki mana. A tsayar da ita ta dubi rana in tana fitowa, a miƙa mata ludayi. Hannun da ta karɓa da shi, nan ne kudu."

Na ɗinka faifai mafi kyau da na taɓa ɗinkawa. A cibiya tudu ba rana, gaba rabin rana ta leƙo, gaba ta fito duka. Sai yarinya tana duban ta, sai ludayi a hannunta, sai Mirginawa a jere suna bin inda hannun ya nuna. A baki ga dutsen, ga mutum biyu masu kamar ta sun miƙo hannu. Muka saki, muka kwana muna ɗaure kaya.

Washegari da tsakar rana na sa ido a madubi. Sun gane, sun tashi, ayari guda, da sauran geron a bayan manyansu. Arewa suka nufa. Kyauta tana zaune a bayan Gwaggo tana kaɗa ludayi da hannun hagu.

Kyauta bahaguwa ce tun tana rarrafe. Kamar kowace uwa, na yi ta buge hannun ina mayar mata da lomar dama, har ta saba kafin mu baro gida. Can babu mai buge mata hannu, ta koma yadda Allah Ya yi ta. Watanni ina kallonta tana shan kunu, idona na kan bakinta, ban taɓa duban hannun ba.

Maigida ya zauna dirshan ya dafe kai. "Na kashe ta da bakina, Tabawa."

Na ce, "Tashi ka tsigo ciyawa. Hannun nan ba zai canza ba, rana za mu canza mata. In ta dubi faɗuwar rana, hagunta ne kudu."

Fitowar rana da faɗuwarta a zane ɗaya suke, rabin rana a kan tudu. Amma yanzu Mirginawa sun san inda nake farawa da inda nake ƙarewa. Na sa rana cikakkiya a cibiya, gaba ta yi ƙasa, gaba saura rabi, sannan yarinya da ludayinta. Faifan ya fita a karkace saboda sauri, yatsuna suna jini. Da safe muka sake shi ga tsofaffi da ƙananan da suka rage a tudun, ko za su mirgina su cim ma ayarin. Ba mu tsaya ganin ko ya sauka ba, don iska ta riga ta yi laushi, in muka jira rana ta take mu ma za mu makara. Muka kama hanyar kudu ba mu san ko 'yarmu tana matso mu ko tana nisa da mu ba.

Mun isa ke nan iska ta kwanta. Shirun ya cika kunne har ya yi zafi. Muka haye dutsen muka zauna a wancan bakin, inda taɓo ya fara. Rana ta faɗi, ta fito, ta sake faɗuwa. Maigida yakan jiƙa yatsa da yawu ya ɗaga sama, ya sauke bai dube ni ba. Wata safiya na ga gefen rigarsa ya fara kaɗawa.

Ya ce, "Tabawa, in ta taso muna nan, ba mu ba jirgi."

Na ce, "Ka haye. Ni ina nan."

Bai haye ba. Muna zaune sai ga wasu ƙananan Mirginawa sun ɓullo daga cikin tururi a guje, sun yi mana zobe suna taɓa ƙafafunmu. Bayansu manya. Can ƙarshe, nesa da kowa, Gwaggo ce take tahowa a kan hannuwa, tana ɗaga ɗaya tana ajiye ɗaya. Taɓon ya dafa mata su, fata duk ta saɓule. Sauran sun mirgina sun wuce zafin da sauri, ita ta taka shi taki-taki saboda abin da ke bayanta.

Na tashi zan ruga, maigida ya riƙe zanena. Kyauta ta gan mu ta ƙanƙame Gwaggo, ta ɓoye fuska, tana wani ƙyas-ƙyas da harshe irin nasu. Ba ta san ni ba. Duk wahalar da na sha a duniyar nan babu wadda ta kai wannan. Na durƙusa, na buɗe hannuwa.

Gwaggo ta matso har idanunta suka iya ganina. Ta shafa fuskata, ta shafa ta yarinyar, ta ƙirga yatsuna, ta ƙirga nata. Sannan ta sauke ta a ƙasa. Ita da ba ta da gaba ba ta da baya, ta kama kafaɗun 'yata ta juyo da ita ta fuskance ni, ta ɗan tura ta. Kyauta ta yi taku ɗaya ta tsaya. Ta daɗe tana kallona. Sai ta miƙo hannu ta taɓa mini kunci, kuma hagu ta miƙo. Na kama hannun nan da hannu biyu na ɗora shi a kan idona, na ce, "Shi ne, uwata. Shi ne daidai."

Kafin mu rabu na dafa bayan Gwaggo don in yi godiyar da ba ni da bakin yi. Sabon zobe ya fito mata a shekarar, mai taushi, kuma a jikinsa akwai 'yan ramuka biyu inda dugadugan Kyauta suka saba zama. Iska ta fara kuka. Maigida ya ɗauki buhun da suka kawo, na goya 'yata, muka haye dutsen da rarrafe. Da muka kai na waiwaya. 'Yan'uwanta duk sun karkata sun mirgina sun shige tururi, saura ita. Ta fara karkata, sai ta tsaya, ta kai hannu ta lalubi bayanta a hankali, kada yarinya ta faɗo. Ta laluba ta sake lalubawa. Sannan ta tsaya a gefe ta mirgina ta tafi. Kyauta ta yi ta miƙa hannu tana kiranta da harshensu, ni kuwa ban hana ta ba, na taya ta kukan.

Allah Ya kawo mu gida a ƙaramin jirgin nan, ba riba ba uwar kuɗi, mu uku cif. Kyauta ta daɗe kafin ta ce mini Inna, kuma ta girma ta yi aure ta haihu tana cin tuwo da hagu. Surukarta ta taɓa kawo mini ƙara a kan haka, na ba ta ruwa ta sha, na raka ta har ƙofa. Nan labarina ya tsaya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, abin da na manta tsufa ne. Ku tashi, la'asar ta yi.